Rana ba ta san ɗan gida ba

  

Ni malamin karatun manya ne, mutumin ƙasar Adar. An haihe ni cikin wani ƙauye kusa da Buza, inda dutsi ya hi ƙasar noma yawa, inda in bazara ta tsaya kaza ma takan buɗe baki tana haki. Na faɗi haka don ku san ni ba baƙon zahi ba ne. Duk da haka rana ta kayar da ni, kuma ba a gida ba, a ƙasar Amurka. Na daɗe ina jin kunyar ba da wannan labari. Yanzu na ga ɓoye shi ba shi da amfani, faɗinshi kuwa wataƙila shi tsirar da wani.

Yadda na je can

Ina da ya, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Amurka, cikin jihar Teksas, a wani gari da ake ce ma Amarilo. Mijinta shina aiki a wata babbar mayanka, inda ake yanka shanu ana sa naman cikin kwali. Shekara 16 ba mu ga juna ba, sai dai murya ta salula. A shekarar 2022 sunka tara kuɗi sunka aiko mini da tikitin jirgi. Na tahi a farkon watan Yuli, lokacin da karatun manya ke ruhe, kowa na gona. Can na yi sallar layya.

Teksas jiha guda ce cikin jihohi 50 na Amurka, amma ita kaɗai ta hi rabin ƙasar Nijar girma. Yankin Amarilo hili ne miƙe, babu tudu, babu icce sai kaɗan. Ciyawa ce da shanu da iska. Watan Yuli, da muke cikin damana, su kuwa shi ne tsakiyar zahinsu. Yini na da tsawo ƙwarai, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarhe 9 na dare. Amma ni ban ji zahin ba, don cikin gida akwai na'urar sanyi, cikin mota akwai, cikin kanti akwai. Sati biyu na yi haka, ina ci ina kwana cikin sanyi.

Mijin yata abokin wasana ne, kun san tsakanin mutum da ƙanen matatai. Ba shi kirana sai Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakkwal. Ran nan ya ce mini: «Mushe, ka zo Amurka ba ka ga komi ba sai kantuna. Ran asabar zan kai ka ka ga dutsin da ya hi naku na Buza.»

Wurin da munka nuha gandun daji ne. A Amurka akwai gandun daji na gwamnatin ƙasa, kamar namu na W da ke kudu da Yamai, akwai kuma na kowace jiha. Wannan na jihar Teksas ne, sunanshi Palo Duro. Ba a noma cikinshi, ba a saran icce. An share ƙananan hanyoyi na ƙafa, mutane na biyan kuɗi a ƙofa su shiga su yi yawo. Da na ji haka na yi dariya. Na ce a garinmu wanda bai da jaki shi ke tahiya ƙasa, nan kuwa mai mota ne ke biya don shi taka.

Kwazazzabo mai launi

Daga Amarilo zuwa wurin kilomita 40 ne. Kana cikin tahiya bisa hili, ba ka ganin alamar komi, sai ka ga ƙasa ta tsage gabanka. Kwazazzabo ne wanda ban taɓa ganin irinshi ba. Tsawonshi ya kai kilomita 190. Zurhinshi wajen mita 240, watau kamar rijiya mai gaba 130. A duk Amurka guda ɗaya tak ya hi shi girma. Wani ɗan gulbi ne ya ci ƙasa sannu sannu, shekaru aru-aru, kamar yadda ruwan damana ke cin gonakinmu na gangare. Bangon dutsin hawa-hawa ne, ja da rawaya da ruwan toka, da farin zane tsakani, kamar an shanya zannuwa.

Sunan Palo Duro daga harshen Sipaniyanci ne, ma'anarshi icce mai tauri. An buɗe gandun a 1934. Hanyar mota da ke sauka ƙasa, wasu maza ne sunka sare ta cikin dutsi, waɗanda gwamnati ta ɗauka aiki lokacin da rashin aiki ya yi tsanani a ƙasar.

Mu uku munka je: ni, da mijin yata, da ɗansu na fari, yaro ɗan shekara 14, wanda anka haifa can. Shina jin Hausa, don uwatai ba ta yi wasa da wannan ba. Mun so hita da asuba, amma mijin yata aikin dare ya yi, sai da ya ɗan runtsa. Ba mu iso ba sai ƙarhe 11 saura. Ya ce shi ya gaji, za shi jira mu cikin inuwar wata rumfa kusa da mota. Ni da yaro mu je mu dawo.

Abin da za mu gani wani dutsi ne dogo, tsaye shi kaɗai kamar hasumiyar masallaci. Suna ce mishi Laithaus, watau hasumiyar hitila wadda ke nuna ma jiragen ruwa hanya. Zuwa da dawowa kilomita 9.

Allon bakin hanya

A bakin hanya akwai allo mai rubutu, da ma'aunin zahi babba, kamar agogon bango. Allurar tana kan 100. Ni ina karanta Hausa, ina karanta Faransanci, amma Ingilishi sai in duba kamar tsohon da bai taɓa riƙa alli ba. Sai yaro ya karanta mini.

Ya ce: «Kawu, sun ce kowane mutum shi ɗauki galan guda na ruwa. Kusan lita 4 ke nan. An ce kuma yawancin waɗanda zahi ke kayarwa cikin gandun nan, a wannan hanya suke faɗuwa. Har da waɗanda sunka mutu.»

Na ce: «Wannan 100 ɗin, nawa ne a lissahinmu?»

Ya duba salula tashi, ya ce: «38.»

Na yi dariya har na dafa kafaɗatai. Na ce: «Ɗana, a Tawa watan Afrilu zahi na kai 44, kuma muna zuwa kasuwa. Kilomita 9 kuwa, tsakanin ƙauyenmu da kasuwa ma ya hi haka. Wannan allo ba don mu anka rubuta shi ba.»

Cikin mota akwai ruwa mai yawa, har da ƙanƙara. Mijin yata ya ce: «Mushe, ƙara ɗauka.» Na ƙi. Na ɗauki ƙaramin butali na rabin lita, don ban son nauyi. Yaro ya ɗauki na lita ɗaya da rabi. Ga shi kuma na bar babbar rigata a gida. Na sa wata baƙar riga matsattsa da yata ta saya mini, da wando mai kauri, da ƴar hula wadda ba ta ruhe ko kunne. So nike in yi hoto in aika gida a ga na zama ɗan Amurka.

Tahiya

Awar farko ta yi daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ƙasa ja ce kamar ta Adar. Hanya na hawa tana sauka, tana ƙetare busassun ƙoramu. Na ga wani icce mai ƙaya da suke ce ma meskit. Dangi ɗaya ne da iccen ƙayan nan da ma'aikatan gandun daji sunka shuka mana don tsare ƙasa, wanda awaki ke son ƴaƴanshi. Inuwatai siririya ce, ba ta ruhe mutum. Akwai wasu gajerun itatuwa masu duhun ganye da ƙanshi. Akwai wani tsiro mai faɗi kamar tahin hannu, duk jikinshi ƙaya. Yaro ya ce in riƙa duba inda nike sa ƙafa, don akwai wani maciji mai kaɗa wutsiya tana ƙara kamar caki.

Can bisa wani gehen dutsi munka hango dabbobi uku. Da na duba da kyau sai na ce: «Kai! Ai wannan ragon dutsi ne!» Irin na duwatsun Azbin, mai gemu har ƙirji. Asalinshi na Afirka ne. A shekarun 1957 da 1958 anka kawo su anka sake cikin wannan kwazazzabo, sunka hayayyafa. Na yi murna, na ce ga ɗan ƙasarmu. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya: dukansu kwance suke cikin inuwar dutsi. Ko ɗaya ba shi yawo.

Wani abu kuma da ban lura da shi ba. Duk mutanen da muke gamuwa da su dawowa suke. Ba mai zuwa sai mu. Wani tsoho ya tsaya, ya nuna butalina, ya yi magana. Yaro ya ce: «Kawu, ya ce ruwanmu ya yi kaɗan.» Na ɗaga ma tsohon hannu, na wuce.

Munka zauna hutawa, yaro ya ba ni labarin da anka koya musu a lakkwal. Kamin Turawa su zo, wannan wuri mazaunin wasu ƙabilu ne, Komanci da Kayowa, mahaya dawaki, mafarautan ɓauna. Nan suke fakewa lokacin ɗari, don akwai ruwa da ciyawa da icce. A 1874 sojan Amurka sunka sauko musu da asuba, sunka ƙone bukkokinsu da abincinsu, sunka kama dawaki wajen 1.400, sunka harbe hiye da 1.000. Mutanen da ba su da doki ba su da guzuri, dole sunka bar ƙasar. Na yi shiru ina duban duwatsun. Waɗannan mutane sun san kowane idon ruwa da kowace inuwa ta wurin nan. Mu kuwa ba mu san ko ɗaya ba.

Kamin mu kai rabin zuwa, ruwana ya ƙare. Na yaro ya kusa rabi. Ya ce: «Kawu, an koya mana in ruwa ya kai rabi sai a juya.»

Na ce: «Mu zo daga Nijar mu koma ba mu taɓa dutsin ba? Mu je.»

Ya miƙo mini butalinshi. Na ce: «Sha abinka, ni na saba.»

Bai sake magana ba. Yata ta yi mishi tarbiyya irin ta gida, ba shi musu da babba. Wannan shi ne abin da ya hi ci mini rai har yau. Yaron na da gaskiya, ladabinshi ne ya sa ya bi ni.

Na duba jikina, ban ga zufa ba ko kaɗan. Na ce ma kaina: ka gani, ko zufa ban yi ba. Amma baƙar rigata ta yi fari a ƙirji da hamata, kamar an barbaɗa mata gishiri.

Ƙarshen hanya hawa ne mai tsayi, sai da hannu da ƙafa. Munka hau, munka tsaya gindin hasumiyar wajen ƙarhe 1. Wuri ne mai kyau, Allah ya yi halitta. Kana ganin kwazazzabo har iyakar ido, ja da kore, ba ka jin komi sai iska. Yaro ya ɗauke ni hoto. Hoton na nan. Ina dariya cikinshi, leɓuna sun bushe sun yi fari.

Dawowa

Da munka sauko sai kaina ya fara sara. Iskar ƙasan kwazazzabo ba kamar ta bisa ba ce. Dutsi ya sha rana shina maido ta, kamar ka tsaya bakin tanderun mai burodi. Na ci gaba. Sai jijiyar ƙafata ta ɗaure. Sai tashin zuciya. Harshena ya zama kamar busasshen ƙirgi. Daga nan na ji abin da ya ba ni tsoro: sanyi. Rana tsaka, ni kuwa tsigar jikina na tashi kamar watan ɗari.

Abin da ya biyo baya ban san shi ba, yaro ne ya faɗa mini. Ya ce na fara tangaɗi. Na kira shi da sunan ƙanena. Na tambaye shi ina anka ɗaure jaki. Sa'an nan na zauna tsakiyar hanya na ce a bar ni in yi kwana.

Ku duba halin da na sa yaro ɗan shekara 14. Ya ja ni da ƙyar zuwa ƙarƙashin wani gajeren icce. Ya duba salula, babu rezo, don duwatsu sun tare. Ruwan da ya rage bai hi kurɓi uku ba. Ya jiƙa mini baki da shi. Babu kowa a hanya. In ya tsaya, ba shi da abin da za shi yi mini. In ya tahi, bai san abin da za shi tarar ba in ya dawo. Ya ce mini ya yi kuka. Amma ya yi hankali. A gehen hanya akwai ƴan sanduna masu lamba. Ya duba lambar wadda ke kusa da mu, ya riƙe ta a kai, ya sheƙa da gudu, shi ma da ƙishirwatai.

Allah ya sa bai yi nisa ba ya gamu da wata mata da mijinta bisa kekuna. Mijin ya karɓi lambar ya juya da sauri neman ma'aikatan gandu. Matar ta biyo yaro. Tana da jikkar ruwa a baya. Ta sa yaro ya cire mini riga da takalma. Ta jiƙa mini kai da wuya da ƙirji, tana kaɗa mini iska da malfarta. Da na farfaɗo na gane mutane, sai ta riƙa ba ni ruwa kaɗan kaɗan, mai ɗan gishiri da zaƙi. Ban san sunanta ba. Ba mu jin harshen juna. Kullum ina sa ta cikin addu'a.

Ma'aikatan gandu sunka zo da wata ƴar mota mai bin duwatsu. Sunka sa mini ƙanƙara a wuya da hamata. Da munka hito bakin hanya na ga allurar nan ta wuce 104, watau 40 a lissahinmu. Na ga mijin yata tsaye, huskatai ta canza. Ranar bai ce mini Mushe ba. Sunana ya kira.

Abin da likita ya ce

A asibiti anka yi mini ƙarin ruwa leda biyu. Likita ya yi mini bayani, wani tahinta na juya mini da Faransanci ta waya. Ga abin da na riƙe.

Jikin mutum da zufa shike sanyaya kanshi, kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa in ya yi raɓa. Inda iska ta bushe, zufa na bushewa tun kamin ka gan ta. Sai ka ce ba ka yi zufa ba, alhali ruwa na hita. Mai tahiya cikin irin wannan rana na iya zubar da lita guda cikin awa guda, ko hiye. Ni na yi awa uku da rabin lita. Farin da na gani a rigata gishirin jikina ne. In ruwa ya ƙare, jini shi yi ƙaranci, jiki shi kasa sanyaya kanshi. In zahin jiki ya wuce 40, ƙwaƙwalwa ta rikice, ƙoda ta lalace, mutum na iya mutuwa.

Na ce mishi ni mutumin Sahel ne, na saba. Ya ce gaskiya ne jiki na sabawa da zahi, amma sabon ba shi daɗewa. Mutum in ya yi ƴan makonni cikin sanyi, sabon shi fara gushewa. Kuma ko wanda ya saba, zufa shike ƙara yi, ba ragewa ba, don haka ruwa shike ƙara bukata. Babu jinin da rana ke jin kunya.

Magani a Amurka na da tsada ƙwarai. Takardar kuɗin da ta zo daga baya ta hi albashina na shekara. Mijin yata ya biya ta wata-wata, da aikin dare. Bai taɓa yi mini gori ba. Ruwan da na ƙi ɗauka kuwa kyauta ne.

Tambayar yata

Yata ba ta yi mini faɗa ba. Yini guda ba ta ce mini komi ba. Ran na biyu ta kawo mini kunu, ta zauna, ta ce: «Ƙanena, ka taɓa ganin Baba ya hita da mu rana tsaka?»

Wannan tambaya ta hi duka zahi. Na tuna yadda mahaihinmu, Allah shi jiƙanshi, ke zuwa kasuwa da bazara. Tun assalatu shike tashi. Shi sha hura shi ƙoshi, shi cika gora, ko da akwai rijiya a hanya. Shi sa farar riga mai faɗi wadda iska ke shiga, shi ɗora malfa. Kamin rana ta yi ƙarhi ya isa. In ta riske shi a hanya, sai shi nemi gindin gawo ko aduwa, shi sauke ma jaki kaya, shi kwanta har azahar ta wuce. Ya san kowace rijiya, ya san wadda ke ƙahewa. In hanya baƙuwa ce, shi tambayi mutanen wurin, kuma abin da sunka ce shi shike bi. Ku duba Buzaye masu zuwa Bilma ɗaukar gishiri. Ba su hi mu ƙarhi ba. Rawani gare su, da salka, da sanin lokacin tashi. Kuma ba da bazara suke yin wannan tahiya ba, sai iska ta yi sanyi.

Sai na gane. Abin da ke tsare mu daga rana ba ƙarhin jiki ba ne, dabarun da iyayenmu sunka bar mana ne. Ni kuwa na zubar da su duka, ɗaya bayan ɗaya. Na hita lokacin da Baba ke kwanciya. Na bar malfa, na bar gora, na sa baƙi. Mutanen wurin sun yi mini magana, da allo da baki, na ƙi ji. Abu guda na taho da shi daga gida, shi ne girman kai. Ragon dutsi ma, da ya zo baƙunta kamar ni, bai manta da al'adar gidansu ba.

Abin da nike so ku riƙe

Ƴan uwa, ba sai an je Amurka ba. Rana tana nan bisa kanmu, kuma zahinta ƙaruwa shike. A watan Afrilu na 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, an auna 48,5. Mutane da yawa sun mutu a Bamako cikin waɗannan kwanaki, yawancinsu tsohhi. Waɗanda rana ta hi kayarwa su ne tsohhi, da jarirai, da masu ciki, da marasa lahiya, da masu aikin ƙarhi: mai haƙar rijiya, mai yin tubali, mai neman zinariya, mace mai zuwa icce nesa, da wanda babur ya mutu mishi cikin daji.

Ga alamun farko: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiya, kasala, da hitsari kaɗan mai duhu kamar shayi. In ka ji haka, tsaya. Nemi inuwa. Sha ruwa kaɗan kaɗan. Kada ka ce saura kaɗan in isa.

Ga alamun hatsari: mutum shi fara magana marar kan gado, shi yi tangaɗi, shi kasa gane mutane, jikinshi shi yi zahi rau, ko shi suma. Wannan ba iskoki ba ne, rana ce. Kada a ɓata lokaci. A kai shi inuwa, a sassauta mishi tufa. A jiƙa mishi jiki duka da ruwa, ana kaɗa mishi iska da faifai. In shina iya haɗiya, a ba shi ruwa kurɓi kurɓi. In ya suma kada a ɗura mishi komi a baki, a kwantar da shi bisa gehe guda. A kai shi likita da gaggawa, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.

Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo shina taimakon wanda ya zubar da zufa da yawa. Lita guda ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. Kada a cika cokalin ya yi tozo.

In za ka hanya da bazara, tashi da asuba. Sha kamin ka ji ƙishirwa. Ɗauki ruwa hiye da yadda ka ke zato. Faɗa ma wani inda za ka. In ruwanka ya kai rabi ba ka kai rabin tahiya ba, juya. Kuma in yaro ya faɗa maka gaskiya, kada ka duba shekarunshi.

Ranar da zan dawo gida na kira ɗan yata, gaban uwatai da ubanshi, na roƙe shi gafara. Ya sunkuyar da kai ya ce: «Ba komi, Kawu.» Mijin yata kuwa, da ya ga na warke, wasa ya dawo. A hilin jirgi ya kama hannuna ya ce: «Mushe, gaida gida. Ka faɗa musu saura kaɗan ka zama mushe.»

To, ga shi na faɗa muku. Allah shi tsare mu, shi ba mu bazara mai sauƙi da damana mai albarka. Amin.